Ranar da Na Riga Marasa Lafiya Fita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da masu duba asibitoci suka dawo mana karo na biyu ba, ko da kuwa na so in manta. Asibitin namu ƙarami ne, a Hayin Banki, na wata likita mai suna Dakta Safiya. Ni ne mai kula da harkokin ofis.

Zuwansu na farko bai yi mana daɗi ba. Sun tarar da tukunyar kashe gobara ta daɗe da daina aiki, ƙofar baya an tare ta da kwalaye, allurar da aka yi amfani da ita kuma tana kwandon shara ɗaya da ɓawon lemo. Shugabarsu wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta ce za su dawo, in ba a gyara ba za a garƙame wurin. Duk cikinmu a nan muke samun abin da muke ciyar da iyali, don haka kowa ya shiga taitayinsa.

Dakta ta ɗora min alhakin gyaran, ta ce ni ne jami'in kiyaye haɗari. (Washegari na sa aka rubuta muƙamin a ƙofar ofishina. Allah ya yafe min.) Gyara kam mun yi. Aka sayo sababbin tukwane, aka kafa ƙararrawar gobara, aka kawo akwatin zuba allurai, aka kwashe kwalayen. Na ware gindin bishiyar dogon yaron da ke tsakar asibitin a matsayin wurin taruwa. Kowace Asabar sai na tara ma'aikata atisaye, ina zagaye da hannu a baya ina cewa, “Ba gudu, ba ihu. Marar lafiya ne farko, ma'aikaci shi ne ƙarshe.” Har Sista Talatu, babbar nas ɗinmu, ta ce, “Malam, wallahi ko a mafarki muryarka nake ji.”

Ranar da suka dawo, tun safe cikina ke juyawa don fargaba. Na raka Hajiya ta duba ɗakin magani da ɗakin allura, tana gyaɗa kai. Da muka iso ɗakin kwanciya sai cikin ya ce bai san zance ba. Na nemi uzuri na faɗa ban-ɗaki. Ashe a bayana Hajiya ta ce wa Dakta tana so a kaɗa ƙararrawa ba tare da an sanar da kowa ba.

Ina tsugune na ji ƙararrawar. Kuma a daidai lokacin maƙwabta na ƙona shara, hayaƙin na shigowa ta taga. Jama'a, ban san lokacin da na fito ba. Na dai tuna na tsallake bencin masu jiran likita, na tuna na yi ihu “Gobara! Innalillahi, gobara!”, sai kawai na gan ni a tsallaken titi gaban teburin mai shayi, takalmi ƙafa ɗaya, buta a hannu.

Da na waiwaya, ba wuta. Ta ƙofar asibitin ina hango ma'aikatanmu suna fitowa a natse. Sista Talatu na tura wani dattijo a keken marasa lafiya, wata nas na riƙe da ledar ƙarin ruwan wata mata, kowa ya nufi gindin dogon yaro. Sista ta duba fuskoki ta ce saura mutum ɗaya.

“Ina jami'in naku?” in ji Hajiya.

Dattijon nan na kan keke ya ɗaga hannu ya nuna ni. “Ga yaron can, ya tsira.”

Tsallako titin nan shi ne tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Ina ɗingishi, na rasa inda zan ajiye butar. Hajiya ta sauke tabarau ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Malam, da wannan za ka kashe wutar?”

Dakta ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Ni kuwa na riga na gama sallamawa: na ja an rufe asibiti, na ja wa mutane asarar aiki.

Bayan sun kammala, Hajiya ta tara mu a ofis. Ta ce gyaran ya yi, asibiti zai ci gaba da aiki. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne ma'aikata sun fitar da kowa ba tare da wani ya tsaya a kansu ba. Sannan ta ƙara da cewa, “Wanda ya koya musu ya iya koyarwa. Saura a samu mai koya masa.”

Ajiyar zuciyar da na yi, ina jin har unguwar Kawo an ji ta. Na yi ta hamdala, kunyar ma ban ji zafinta sosai ba sai da na koma gida na ba uwargida labari ta yi dariya har da hawaye.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tara mutane kana gaya musu yadda ake natsuwa, ka fara zama da ƙafafunka ka yi musu bayani. Nawa dai ashe ba su taɓa halartar atisayen ba.