Mamacin da Mai Kwat Bai Kashe Ba

Wani ɗan garinmu ne, can gindin dutse a Bulgeriya, ya yi shekaru a Landan yana wankin mota. Da ya dawo sai ya tarar an canja masa gari. Tashar jirgin ƙasa ta zama wurin jibge tsofaffin tayoyi. Makarantarsu ta rufe, shamuwa ta yi sheƙa a kan rufinta. Yarinyar da yake so ta auri mai cire haƙori. Karen gidansu ya mutu, an kawo wani, shi kuwa sabon bai san shi ba, ya yaga masa wando a ƙofar gidan ubansa.

Duk wannan ko a jikinsa. Abin da ya dawo dominsa shi ne kujerarsa a shagon gahawar Kawu Rangel.

Kafin ya tafi, in ana musun finafinan Mai Kwat, shi ne alƙali. Kun san dai Mai Kwat, ɗan leƙen asirin nan da tun zamanin kakanninmu yake ceton duniya, in ya tsufa a cire shi a sa wani a cikin kwat ɗin. Mutumin namu ya san kowane fim, ya san wace mota aka kifar a wane kwazazzabo, wace mace ta yaudare shi a wane otal. In ya yanke hukunci, musu ya ƙare. Don Mai Kwat ma ya tafi Landan. Ya ce zai je kusa da inda ake abin, ko bindiga ce su ba shi ya riƙe musu a bayan fage. Har ya dawo bai ga ko igiyar kyamara ba.

Amma ya ga sabon fim ɗin, har sau biyu, kuma tun a jirgi yake shirya jawabinsa.

Ya shiga shagon da hantsi. Kawu Rangel na bayan kanta, Spas mahauci na teburi da mutanensa. A kan kujerarsa kuwa, wadda ke jikin taga, tsoho Genco ne zaune, mai raba wasiƙu na da, wanda kunnensa ya daɗe da yin ritaya kuma bai taɓa kallon fim ya kai ƙarshe ba. Aka gaisa, aka rungume shi, aka ce ya rame. Bai jira gahawa ta iso ba.

Ya ce, "Kun ga sabon kuwa? An kashe Mai Kwat an binne. Gajere suka kawo mana, kuma mai kuka. Yaushe Mai Kwat ya fara kuka?"

Ba wanda ya tanka. Ya ɗauka sauraro ne.

"Sannan garin da suka yi abin. Ina zaune a silima ina cewa Allah ya raba mu da zama a irin wannan kufai. Ga mugayen, kowa da tumbi, fuska a rufe da hular sanyi. Musamman wani ƙato da aka jefo daga gada. Ya faɗo kamar buhun dankali. A ina suka samo wannan?"

Kawu Rangel ya ajiye kofin da yake gogewa.

Ya ce, "A nan suka samo shi, ɗan nan. Bayan kantar nan."

Ashe yana can yana goge gilashin motocin mutane, masu fim ɗin suka zo garinmu da manyan motoci, suna neman wurin da zai yi kama da mazaunin mugaye. Suka dubi tashar, suka dubi fuskokinmu, suka ce ba sai an gyara komai ba. Duk namijin da ke iya faɗuwa ƙasa suka ɗauka.

Kawu Rangel ya ce, "Faɗuwar da kake raina, darakta da kansa ya tafa min. Ni kuma ina cewa wannan shi ne Mai Kwat na gaskiya. Ka san ƙarfin hannunsa? Ni na sani. A wuyana na ji."

Spas ya ce, "Ƙarya kake, Rangel. Fim ɗin banza ne. Fim ɗin da za a harbe mutum a ƙirji, ya yi birgima, ya kira sunan uwarsa, sannan a yanke, a bar takalminsa kawai a gefen hoto? Wannan fim ne?"

"Takalmin ma ya fi ka iya wasa."

"Kai da aka rufe maka fuska don kada yara su firgita?"

Mutumin namu ya ga ƙofa. Ya ce, "To ai a fim na tara ma, lokacin da..."

Su biyun suka juyo tare.

Spas ya ce, "Dakata, ɗan Stoyna. Mai Kwat ya kashe ka?"

"A'a, amma ni na..."

"To a teburin nan, wanda Mai Kwat bai kashe ba ba ya sa baki. Sha gahawarka."

Mutumin namu ya nuna Genco. "Shi kuma wannan fa? Bai san ma sunan fim ɗin ba."

Kawu Rangel ya sassauta murya, cikin girmamawa. "Sau biyu aka kashe shi. Da hula daban-daban."

Mutumin namu ya koma gida ya tarar da mahaifiyarsa, Stoyna, tana gasa jan tattasai a tsakar gida. Ya zauna ya zazzage mata: shi da ya haddace finafinan nan tun yana ɗan firamare, yau kurma ya gaje masa kujera.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai kai ma kana ciki."

"Cikin me?"

"Fim ɗin mana."

Kun san garinmu, ba ƙofa ko bishiyar da ba a manna mata takardar mamaci ba, da hotonsa da sunansa, tun daga kwana arba'in har shekara goma. Masu fim suka ga abin ya burge su, suka ce suna son bango guda cike da su. Mutane suka ce ba za su ba da matattunsu a yi wasa da su ba. Sai aka ce to a kawo hotunan masu rai.

Ta ce, "Na ba su wanda ka sa kwat ɗin babanka ranar gama makaranta."

"Mama, kin ba da ni a matsayin gawa?"

"Rabonka da kirana tun yaushe? Bambancin ba yawa."

Wani ɗan zai yi fushi. Shi kuwa tsalle ya yi ya sumbace ta a ka, ya fita ko takalmi bai ɗaure ba.

Fim ɗin dama kullum yana kan talabijin ɗin shagon, an daina kallon ƙwallo. Ya shiga yana haki ya ce a kai masa wurin lungu, bayan faɗan kasuwa. Aka kai. Ga Mai Kwat ya jingina da bango, an kashe abokinsa, yana wannan kukan nasa. Ga takardu a bayansa.

"Tsaya nan. Wane ne wancan a kafaɗarsa ta hagu?"

Aka matso. Kawu Rangel ya sa tabarau. Mutumin namu ne kuwa, da kunnuwansa da kwat ɗin da ya yi masa yawa.

Ya ce, "Fuskata a buɗe, ba hular sanyi. Kuma ba takalmi kaɗai ba. Kawu Genco, ɗan matsa."

Spas ya ce, "Bari fim ya ci gaba tukuna."

Aka saki fim. Mai Kwat ya gama kuka, ya laluba aljihu bai sami hankici ba. Ya miƙa hannu baya, ya ɓalle takardar, ya fyace hanci da ita, ya dunƙule ya yar.



Mutumin namu ya nuna talabijin. Ya ce, "Kun gani? Da hannunsa ya taɓa ni. Wa ya kai ni kusa da fuskarsa a cikinku?"

Kawu Rangel ya ce, "Kusa kam ka kai. Amma mu koma baya, a karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton."

Aka koma. Spas ya karanta da ƙarfi, yana bin layin da yatsa: "Ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya."

Kawu Rangel ya ce, "To ka ji. Ni gada, Spas harsashi, Genco harsashi da gurneti. Kai zazzaɓi."

"Amma ai na mutu a fim ɗin."

"Kafin a fara fim ɗin ka mutu. Ko zuwansa ba ka iya jira ba."

Duk wannan abin Genco na kallon talabijin, yana kallon mutumin, yana komawa talabijin. Can ya ce, da irin muryar kurame, "Wannan ba ɗan Stoyna ba ne da ya mutu? Har gida na je na yi mata gaisuwa. Ta ba ni dafaffiyar alkamar sadakar mamaci."

"Ga ni nan da raina, Kawu."

Genco ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara zama a kan kujerar. "To me ka dawo yi?"

Da la'asar mutumin namu ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ko kayan ciki bai gama fitarwa ba dama. Ya ji ana cewa na gaba a wani gari na bakin teku za a yi, can kudu, kuma suna neman maza masu fuskar rashin gaskiya. Stoyna na tsaye a bakin ƙofa tana kallo yana cusa safa.

Ya ce, "Mama, wannan karon ba zan dawo garin nan ba sai Mai Kwat ya kashe ni da hannunsa."

Ta ce, "To kafin ka kama hanya ka biya wurin mai hoto ka bar min sabo. Hotonka ya fi ka samun aiki."