Gizon da Ba a Ɗaure Ba

A duk faɗin Tasawa babu wanda ya san littattafan aljanu da dodanni kamar Lamine. Shi ya faɗa, kuma ba a sami mai lokacin musu ba. Bana ya karance guda biyar da suka kai zagayen ƙarshe na wata gasa, ya yanke cewa baɗi nasa zai ci. Matsala ɗaya ce: labarin nasa gatanar kakarsa Balkisu ce, kuma bai san ƙarshenta ba. Shi ya sa ya hau kabu-kabu zuwa Maijirgi, inda ya shekara biyu bai leƙa ba.

"...Lafiya lau," in ji Balkisu. "Ashe mijin nawa na da rai? Har na fara takaba."

"Wa zai mutu ya bar miki gado, tsohuwa? Aiki ya kawo ni, da la'asar zan koma. Gatanar yarinyar nan da ta bi doki cikin rijiya. Mi ya faru a ƙasa?"

"Littattafan naka ba su faɗa maka ba?"

"Ɗaya na macijin da ke aman wuta ne, ɗaya na birni bisa gajimare..."

"Bisa gajimare? Ina suke shanya gero?"

"Ba su cin gero."

"To, yunwa za ta ci gasar."

"Kaka, ƙarshen kawai."

"Da rana tsaka? Makarantar lakwal ba ta gaya maka mai gatana da rana ɓata yake ba? Kai ko ba a yi maka ba, shekara biyu kana ɓace."

"Ai da magani. Ki tsige gashin ido ɗaya ki ce kin ɗaure Gizo, shi ke nan."

"Matso ka duba. Ka ga gashi? Kallon hanyarka ya cinye shi."

"Tsufa dai. To, a tsige nawa."

"Gashin miji mai gudun gida? Ko kaza ba ya ɗaurewa, balle Gizo."

"Mai kabu-kabu na jirana."

"Mai nema ba ya gaggawa. Wanda ke son ƙwai ya jure kukan kaza. Ga tabarmarka can, ban bari kowa ya hau ba. Akuya ce kawai ta ci gefe."

Lamine ya dubi tabarmar, ya dubi tuwon da aka riga aka ɗora na mutum biyu. Ya yi dariya, ya miƙa mata goron da ya ɓoye don ciniki.

"Kin ci gasar, amarya. A sallami mai kabu-kabu."

Bayan isha'i ta fara. Kafin doki ya kai bakin rijiya Lamine ya yi barci, daidai inda yake yi tun yana shekara shida. Balkisu ta rufa masa zane. Ita ma ba ta san abin da ke ƙasan rijiyar ba. Ba a taɓa kai gatanar can ba.