Maganin Marigayi Sale

Ranar sadakar ukun aminina Sale, abokin fataucina tsakanin Jibiya da Maraɗi, matarsa ta aiko mini da ragowar ƙwayoyinsa na ciwon suga, tunda ciwonmu ɗaya. Na juya kwalin, duk rubutun Faransanci ne.

Yayana ya ce, "Kai ma likita shi duba tukuna."

Na ce, "Haba Yaya, ni da na tsufa bisa hanyar Maraɗi?" Alhali Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na yanke hukunci wannan daban yake da nawa, na haɗa su na haɗiye, ga baƙin ciki ya hana ni karyawa.

Ana tsakiyar addu'a gumi ya keto mini, jikina ya ɗauki rawa, na kife a tabarma. Mata suka sake fasa kuka a cikin gida. A asibiti aka ce magani ɗaya na sha ninki biyu.

Har yau direbobin tasha na cewa, "Ga wanda ya raka Sale har boda aka maido shi!" Nakan yi dariya, sai na tuna cewa da a ce Sale na nan, da shi zai fi kowa yi mini tsiya.