Tayar Zamani da Maganin Nasiba

Shekaranjiya na tsaya bakin hanya tun hantsi, ƴata Nasiba goye a bayana, ina jiran Basiratu har inuwar aduwa ta gusa ta bar ni cikin rana. Basiratu ce ke kawo wa yaran ƙauyenmu maganin rigakafin zazzaɓin damina daga Filinge, wata-wata. Ba ta zo ba. Kada kowa ya zarge ta, ci gaba ne ya tare ta a hanya.

Da can tana da wani baƙin keke mai kauri. In ƙaya ta soke shi, sai ta tura shi wurin Baba Kailu mai faci, ya zaro tiyub, ya tsoma cikin ruwa, ya liƙe, ta wuce abinta. Sai Allah ya albarkace mu da wani Mai Girma, Uban Tafiyar Ƙafa Biyu, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Ya je wata ƙasa inda kwalta ke kaiwa har bakin murhu, ya ga keken tsere, ya dawo ya raba wa masu kai magani irinsa, da taya siririya kamar karan gero, a rairayin ƙasarmu ta Kurfai inda tsidau ya fi ciyawa yawa.

Da tayoyin suka yi ta sacewa, kwamiti ya zauna, ya ci gasasshen rago, ya gano mai laifi: tiyub. Aka yanke a cire shi baki ɗaya, a sa tayar zamani wadda ake ɗura wa wani farin ruwa mai kama da kindirmo, wai shi ke toshe huda da kansa. Aka kafa rumfa, aka yi kiɗa, motoci suka zo a jere. Man da suka ƙona ran nan ya isa ya kai magani kowace ruga har kaka. Kafin su tafi suka tattara tsofaffin tiyub, don kada wani ya koma baya.

Abin da ba su tambayi kowa ba shi ne, zafin garin nan yana daskarar da ruwan ya zama danƙo. Kuma tayar in ta sace, famfon hannu ba ya tashe ta, sai injin iska, shi ko yana cikin gari yana jiran wuta. An ce Baba Kailu ya yi ta bugu har rigarsa ta jiƙe, sannan ya ajiye famfo ya ce wa Basiratu, “Ɗiyata, wagga taya ba ta jin maganar talaka.”

Ta roƙa a bar ta ta koma kan tsohon kekenta. Aka ce a'a, dole a gan ta da keken aiki, a ɗauki hotonta da shi a kowane ƙauye.

Sai yau da safe ga ta tafe bisa amalanken jakin Albarka maƙwabcinmu, magani a cinya, keke kwance a bayanta kamar mai jinya. Ta sauko, aka tayar da keken aka jingina shi da rumbu, aka ɗauki hoto. Ta taɓa goshin Nasiba, ta dube ni. Ta ce ba a ba yaro rigakafi da zazzaɓi a jikinsa, sai an gwada jini a asibitin Filinge.

Na ce, “Yaya, da kin zo shekaranjiya fa?”

Ta ce, “Da ta sha.”

Haka muka hau amalanken, ni da ƴata da keken Mai Girma, ina kare kanta da gyale kada ƙahon keken ya buge ta in an faɗa rami. An gwada ta, an ba ta magani, yanzu tana barci jikinta ya fara sanyi. Na gode wa Allah, na gode wa Albarka.

Na ji ana shirin wani taron don murnar cewa tayoyin ba su cinye ba ko kaɗan tun da aka sa su. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, ni shaida ce. Amma in abin da ba shi da tiyub ake nema, a duba jakin Albarka. Shi ma ba shi da shi, kuma har Filinge bai nemi iska ba.