Dogo Ya Warke a Allon Talla

Jiya da safe maƙwabcina Dogo ya samu labarin ya warke. Shi ne na ƙarshe da ya ji a unguwa.

Dogo ɗan dako ne a wani sito, kuma yanzu sunan ne kawai ya rage, don tun da buhu ya murɗe masa baya yake tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. Jijiyar agararsa ma ta bi sahu. Maigidansa, da yake yana da ɗan imani, ya ba shi kujera a bakin ƙofa yana lura da masu shige da fice, da sharaɗin ranar da ya warke zai koma ɗaukar kaya. Da kujerar nan yake ciyar da iyalinsa.

Asibiti kuwa ya zame masa gida. Likita ya ce gashin ƙashi yake buƙata, injin yana nan sabo fil, sai dai ba a kunna shi sai an ƙaddamar. Rannan sai ga wani babba a gwamnati, Mai Girma Uban Marasa Lafiya, ya zo ƙaddamarwa. Aka bi layi ana neman majinyacin da zai dace da hoto, aka zaɓi Dogo, wai fuskarsa ta fi nuna wahala. Aka kwantar da shi, aka jera masa wayoyi a gadon baya, Mai Girma ya dafa kafaɗarsa. Dogo ya yi ta jiran ɗumi, shiru. Da ya karkata kai sai ya hangi filogin yashe a ƙasa. Ya yi wa ma'aikaciyar jinya raɗa, ta ce ya yi haƙuri, soket ɗin yana cikin kasafin baɗi. Daga nan ƙarti biyu suka miƙar da shi tsaye. Ya washe baki don azaba, aka ɗauki hoto.

Jiya tun da asuba aka kafa allon talla mai hotunan nan daura da siton. Ga Dogo a kwance, ga Dogo a tsaye yana murmushi, an goge hannuwan da suka tallafe shi, a sama an rubuta "Mun cika alkawari." Gaskiya aikin ya yi kyau. Matarsa ta ce rabonta da ganinsa a miƙe haka har ta manta.

Maigida ya kira shi, ya taya shi murna, ya sa aka ɗauke kujerar. Dogo ya rantse bayan nan yana nan yadda yake.

"To ni wa zan gaskata," in ji maigida, "kai ko hukuma?"

Da yamma na iske shi a rigingine kan tabarma, ko juyi ba ya iyawa. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Ya roƙe ni in faɗa wa duniya cewa bai warke ba. To ga shi na faɗa, Allah Ya huci zuciyar Mai Girma. Gobe da sassafe motar siminti za ta iso siton, kuma iya sanina Dogon da ke kan allo ba zai sauko ya sauke ba.