Injiniyan Ruwa a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na ajiye motar mutane a cikin teku da hannuna ba, ido biyu, rana tsaka, ba maye ba hauka. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A shekarun tamanin ne, ina aiki a Riyad da wani kamfanin shimfiɗa bututu. Ku riƙe wannan da kyau: ni injiniyan ruwa ne. Haka aka rubuta a ikamata, wato katin zaman ƙasa, kuma kafin in zo na yi shekaru ina aikin madatsar ruwa a gida. Matata Hajara ba ta fi wata biyu da isowa ba. Tun tana gida na cika ta da baki a wasiƙa, zan kai ki nan, zan kai ki can, za ki ga teku da idonki. Ta zo ta tarar da ɗaki biyu a unguwar Manfuha, tagarmu na kallon bangon maƙwabci. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai kullum in zan fita aiki ta ce, "Injiniya, a gai da teku."

Abin ya ishe ni. Abokan aiki sun sha ba ni labarin wani garin shaƙatawa can gabas, bayan Damam, mai ɗakunan haya da rumfuna da itatuwan dabino har bakin ruwa. Matsalar dai aljihuna bai kai bakina girma ba (duk wata akwai masu jiran saƙo a gida). Sai na tsara tafiyar talaka: ba kama ɗaki, ba cin abincin otal, mu tafi da asuba mu juyo a ranar. Na karɓo takardar izinin tafiya daga kamfani, na shiga kasuwar Batha na sayo tabarmar roba da lema. Hajara ta dafa shinkafa da wake, ta soya kaza, ta cika kula. Saura mota.

Nan na nufi Likita Sani. Shi ne kamar babban yayanmu mu 'yan gida a Riyad, shi ya tarbe ni da na zo, shi ya nema mini gida. Yana da wata doguwar farar mota mai jan kujeru, wadda da kansa yake goge ta kowace safiya, kuma bai taɓa ara wa kowa ba. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gane inda na dosa. Ya ce saboda ƙanwarsa Hajara zai yi. Da zai miƙo makullin sai ya riƙe shi tukuna, ya ce, "Na ba ka ne don na san kai mai hankali ne."

Mun isa da hantsi. Da Hajara ta hango ruwan, shuɗi, ba iyaka, sai ta kama salati. Ni kuwa ina ta hura hanci kamar ni na haƙa shi. A bakin rumfunan haya wani ya taso zai yi mana ciniki, na ɗaga masa hannu na wuce. Can gaba na ga abin da nake nema: wani makeken fili na yashi, shafaffe, mai tauri, babu kowa a kai, kuma kyauta. Na ce wa Hajara ta dubi mutane da son ɓarnar kuɗi, ga wuri mai kyau sun bari sun cunkushe a can sama. Na sauka da motar Likita har kusa da ruwa. Na lura yashin da ɗan danshi, a ƙasar da ake wata da watanni ba yayyafi, amma ban tambayi kaina komai ba.

Muna shimfiɗa tabarma sai ga wani tsohon masunci, wanda ke gyaran koma kusa da a-kori-kurarsa a kan tudu. Ya gangaro ya yi sallama, ya ce in ɗauke mota daga nan, bayan azahar teku zai zo. Kada ku ce ban ji Larabcinsa ba, na ji sarai. Na ɗaga kai na dubi sama. Tas take, ko ɗigon gajimare babu. To ni a saninmu, kogi ba ya kawo ruwa sai an yi ruwan sama ko an buɗe madatsa. Da rani a garinmu cikin kogi ake ajiye motar yashi, har kankana ake nomawa. Sai zuciyata ta ba ni cewa wannan ɗan kamashon masu rumfuna ne. Na yi murmushin wanda ba a cuta, na ce masa da Larabcina na kasuwa, "Baba, babu hadari. Ruwan daga ina zai zo?"

Ya dube ni, ya dubi motar, ya yi mini addu'a, ya koma kan komarsa.

Hajara ta ce ko dai mu matsa, tunda ɗan gari ne. Ai kuwa na samo tsinke na shiga zana mata darasi a kan yashi, yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari, ba ya hawa. (E, an koya mana a makaranta cewa teku na cika yana janyewa kowace rana. Har na ci jarrabawar. A ɗakin jarrabawar na baro shi.)

Muka ci abinci, muka yi azahar, muka kama tafiya a gefen ruwa tana tsintar ƙwanso ina ɗaukar ta hoto. Tun zuwanta ban ga ta yi dariya irin ta ranar ba, shi ya sa muka yi nisa har muka sha wata kwana. A dawowa ne ta ce, Injiniya, ina sawunmu? Na duba, babu. Inda muka taka ɗazu ruwa ne har idon sawu.

Muna shan kwanar na hango ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Motar Likita tsaye a tsakiyar ruwa, ya kai rabin taya. Tabarmarmu na lilo can gefe, kular shinkafa ta kama hanyar wata ƙasa. Babu ƙara, babu igiyar ruwa, ruwan ya lallaɓo ne kawai kamar ɓarawo. Na sandare, baki buɗe. Kuma wallahi, abin kunya, sai da na sake ɗaga kai na dubi sama.

Na zura da gudu na faɗa ciki na tayar. Tayoyin suka yi ta juyi suna tona wa kansu rami, motar ta ƙara zama daram. Na fito. A nan ne injiniyan da ke cikina ya farka: na cafke farantin da muka ci kaza, na durƙusa cikin ruwa da farin kaftanina, na shiga tara yashi a gaban mota. Madatsa nake ginawa. Ni kaɗai, da faranti, zan tare teku. Duk abin da na tara sai ruwa ya zo a hankali ya shafe.

Da na ɗago, tudun nan ya cika. Mutanen rumfunan da na raina sun fito da iyalansu, wasu da kofin shayi a hannu, Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin, wani ma hoto yake ɗauka. Ruwa kuma ya fara shiga ta ƙasan ƙofa yana lasar jan kujerun.

Tsohon nan ne ya cece ni. Ya kawo a-kori-kurarsa da igiya da mutum huɗu, suka ɗaure suka ja har kan tudu. Yana naɗe igiyarsa ya tambaye ni aikin me nake yi a Riyad. Na ce ƙasa-ƙasa, ma'aikaci ne dai. Sai Hajara, wadda duk Larabcinta bai wuce kalma goma ba, ta buɗe baki ta ce, "Muhandis moya." Injiniyan ruwa. Har gobe ban sani ba ko alfahari ne ko ramuwa. Tsohon ya juya ya maimaita wa jama'a da ƙarfi. Dariyar da aka yi, na so ƙasa ta tsage in shige.

Allah ya rufa asiri injin ya tashi. Muka dawo Riyad a kan jiƙaƙƙun kujeru. Washegari da sassafe na kai ta wurin wanki, aka wanke aka busar, Hajara ta turara ta da turaren wuta. Na ƙudura ba zan faɗa ba.

Bayan sallar Juma'a na kai wa Likita. Ya zagaya ta, ya shaƙi turaren, ya tambayi hanya, na ce lafiya lau. Ya ce ba wata matsala? Na ce ko ɗaya. Sai ya buɗe but don duba safaya, kamar yadda ya saba. Ya ɗaga tayar. A ƙarƙashinta, cikin ɗan guntun ruwa, ga wata ƙaramar ƙaguwa da ranta, ta ɗaga masa hannu biyu.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "Wannan baƙuwar fa, da takardar izini ta shigo Riyad?"

Nan take na zube, na kwashe labari tas, har da farantin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi mota ƙarfe ce, in ta yi tsatsa a gyara, amma wannan "lafiya lau" ɗin da na dubi idonsa na faɗa ita ta yi masa ciwo. Kunyar bakin teku duk sai ta zama wasa. Ya yafe mini, muka ci gaba da zumunci, amma ko kekensa ban sake samun fuskar ara ba.

Tun daga ranar, in tsohon wuri ya ce in matsa, matsawa nake yi tukuna, in duba sama daga baya. Hajara kuma ta daina cewa a gai da teku. Yanzu in na fara yi mata dogon bayani a kan abin da ban sani ba, sai ta bari in kai aya, ta ce, "Injiniya, teku na gaishe ka."