Ranar Da Gada Ta Kunyata Jikan Maharbi

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren 'yar Alhaji Sule ba, maƙwabcin shagona a kasuwar Mont-Bouët. Na daɗe ina cika masa baki cewa kakana sarkin maharba ne a garinmu (gaskiya ne, sai dai ni ko ɓera ban taɓa kashewa ba).

Ranar walimar, wani abokin cinikinsa ya kawo masa gada mai rai daga tashar jiragen ruwa ta Port Môle, an kamo ta a tarko. Da na isa gidan a unguwar Angondjé, Alhaji ya miƙo mini wuƙa a gaban dattawa, ya ce yau jikan maharbi zai nuna gado, ya yanka ta.

Na tsuguna a filin da ke bayan gidan, na danne gadar da gwiwa. Ƙanwar amarya, Hadiza, wadda a nan aka haife ta ba a ƙasar Hausa ba, ta fito da ƙawayenta suna ta surutu da Faransanci. Ta ce mini, "Tonton (wato kawu), don Allah ka dubi yadda take rawar jiki." Dattawa suka ce in rabu da yaran zamani, raguna ma ai yanka su aka yi da safe.

Sai na duba. Zuciyar gadar na bugawa a tafin hannuna, ƙafar da tarko ya kama tana jini, ga wasu manyan idanu sun tsaya a kaina. Har yau ban san ko sakinta na yi ko ƙwacewa ta yi ba. Na dai gan ta ta keta ta tsakiyar mata, ta kifar da tiren shinkafa, ta fice ta ƙofar da aka bari a buɗe, ni kuwa ina zaune daɓas a ƙasa da wuƙa a hannu.

'Yan matan suka hau tafi, wai na ceci rai. Dattawa suka tuntsure da dariya. Alhaji ya tambaye ni ko da gangan na yi, na ce e, na kuma ce a'a (duka a numfashi ɗaya). Hadiza ta cika mini faranti da naman rago don godiya, na cinye tas, ban ji ko ɗigon tausayi ba, abin da ya ƙara rikita ni ke nan.

Darasin da na ɗauka guda ne: abin da za ka ci, kada ka yarda ku haɗa ido.